Waƙa Na Tafiya, Yatsu Na Binta

Mai koyon jita in yana shi kaɗai a ɗaki, ba mai hanzarta shi. Zai danna tsirkiyoyi uku da yatsun hagu, ya kaɗa da dama, sauti ya fito. In zai koma kamu na biyu sai ya dakata, ya sunkuyar da kai, ya jera yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sake kaɗawa. Yana iya shekara guda a haka, kuma duk kamun da aka tambaye shi zai nuna shi daidai. Amma ranar da ya kunna waƙa a waya ya ce bari ya bi ta, ran nan zai san matsayinsa. Kafin ya gama jera yatsu mawaƙi ya kai ƙarshen baiti, amshi ya shigo, ganga ta yi gaba abinta. Waƙar da aka naɗa ba ta san ana binta ba, balle ta tausaya wa wanda ya makara.

Wannan rashin jira shi ne duk amfanin abin. Ni a ganina babu wata hanyar motsa hannu a kan jita da ta kai bin waƙa albarka, domin tana koyar da abin da littafi ba ya iya koyarwa: yadda mutum zai saurari wani alhali hannunsa na aiki. Kuma akwai gwanaye da dama da ba su da wani malami sai ita.

Wes Montgomery, mutumin Indiyanafolis ta Amurka, yana wajen shekara 20 ya ji faifan Charlie Christian, matashin da ya fito da jitar lantarki fili a kiɗan jaz kafin ya rasu a 1942 yana da shekara 25. Wes bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Jita ya saya, ya riƙa zama da faifan da dare bayan ya taso daga aiki, yana ɗaga allurar garmaho yana mayar da ita baya, har ya haddace kiɗan Christian sauti bayan sauti. Aikin kiɗa na farko da ya samu a gidan rawa shi ne ya hau dandamali ya maimaita waɗannan kaɗe-kaɗen da ya haddace. A 1948 Lionel Hampton ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa. Gudun damun iyali da maƙwabta da dare ya sa ya ajiye ɗan robar da ake kaɗawa da shi, ya koma shafar tsirkiya da naman babban yatsa, kuma wannan taushin sautin ne ya zama tambarinsa har ya rasu a 1968. Mutumin da ya fara da haddar kiɗan wani, shi ne daga baya dubban makaɗa suka zauna suna haddar nasa.

To yaya ake yin abin? Gwanin bin waƙa ba ya fara da jita a hannu. Sai ya saurari waƙar har ta zauna masa, yana tafiya yana gunguninta, ya san inda mawaƙi ke shan numfashi, ya san inda ganga ke yin ɗan tsalle kafin amshi. Wanda bakinsa bai iya rera abu ba, da wuya yatsunsa su same shi. Daga nan sai saiti. Jita tana da tsirkiya shida, kuma dole a murɗa kunnuwanta har ɗaurinta ya yi daidai da na waƙar, in ba haka ba ko mutum ya danna inda ya kamata, abin zai riƙa yi masa tsami a kunne bai san dalili ba. Yau akwai manhajar waya da ke nuna ko tsirkiya ta yi sako-sako ko ta ɗaure da yawa, bisa ma'aunin da aka saba da shi a duniya, wato sautin A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Sai dai ba kowace waƙa aka naɗa a kan wannan ma'auni ba, musamman tsofaffi, don haka kunne ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi burge ni in na ga ana yinsa, wato neman gidan waƙa. Kowace waƙa tana da sauti guda da take komawa ta huta a kansa, duk yawon da za ta yi. Mai bi zai kama wannan sauti da hanci, ya riƙe shi yana "mmm" bai saki ba, sannan ya ɗora yatsa a kan tsirkiya mafi kauri ya fara jansa a hankali, gurbi bayan gurbi, tsakanin ƙarafan nan da aka gicciya a wuyan jita. A gurbi na farko bai yi ba. Na biyu ya matso, amma sautin biyu suna gogar juna, ana jin wata 'yar rawa a tsakaninsu. Ya ƙara ɗaya, sai rawar ta ɗauke, muryarsa da tsirkiya da waƙar suka haɗe suka zama abu ɗaya. Ka dubi fuskarsa a wannan lokacin. Ba ya bukatar kowa ya ce masa ya samu. Gurabu goma sha biyu ne kawai kafin sautuka su sake zagayowa, saboda haka neman ba ya wuce minti ɗaya ko biyu ga wanda ya saba, amma daga shi komai yake tashi. In an san gida, an san kamun da za su fi yawan fitowa, abin da makaɗan zamani ke kira kod, domin waƙoƙi masu ɗimbin yawa a kan uku ko huɗu suke jujjuyawa.

Sai a shiga. Kuma za a faɗi, ba makawa. A nan ne ake gane wanda zai yi nisa. Sabon shiga in ya kuskure sai ya tsayar da waƙar ya koma farko, ya sake kuskurewa a wuri guda, ya sake komawa, har ya zama gwanin daƙiƙa ashirin na farkon waƙa bai taɓa ganin ƙarshenta ba. Wanda ya fahimci abin kuwa ba ya tsayarwa. Yatsun hagu sun ɓace masa, amma hannun dama na ci gaba da lilo sama da ƙasa ko da bai taɓa tsirkiya ba, ƙafarsa na buga ƙasa, kunnensa na jiran inda zagaye zai dawo. Ka ga yadda yaron mota ke kama bas tana tafiya: ba ya tsayawa cak ya yi tsalle, sai ya bi ta da gudu har saurinsa ya zo ɗaya da nata, sannan ya ɗare. Haka ake komawa cikin waƙa. Wannan iyawar ta faɗuwa a koma ba tare da an ɓata wa kowa kiɗa ba, ita ce rabin sana'ar makaɗi, kuma ba a samunta ta hanyar maimaita kamu a ɗaki shiru.

Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba a taɓa zaunar da yaron makaɗi an zana masa kiɗan kalangu a takarda ba. Yana bayan ubangidansa a gidan biki, an ba shi ƙaramar ganga ya riƙe bugu guda, in ya kauce a harare shi, ya gyara kiɗa na tafiya. 'Yan amshin Mamman Shata ba su san baitin da zai fito daga bakinsa ba sai ya fito, aikinsu su kasa kunne su faɗo a kan gaɓa. Abin da faifai ya ƙara shi ne ya kawo ubangidan cikin ɗakinka, kuma ya yarda ya maimaita abu sau ɗari bai gaji ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a wurin maƙwabtanmu Abzinawa. Kiɗan jitar Sahara da duniya ke yayi yau, a kan kaset ya yaɗu. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen tare da abokansa a ƙarshen shekarun 1970, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Da ƙungiyar ta kafu, duk wanda ya kawo musu kaset ɗin da ba komai a kai sai su naɗa masa waƙoƙi kyauta. Shi kuma ya ba wani ya kwafa, wancan ya ba wani, kaset na bin manyan motoci da raƙuma daga Tamanrasset zuwa Kidal zuwa Agadas. A Nijar waƙoƙin Abdallah Oumbadougou suka bi wannan hanya, kuma a shekarun tawayen 1990 riƙe irin waɗannan kaset-kaset na iya jefa mutum cikin matsala da hukuma. Duk da haka yara suka ji, suka bi.

A yi tunanin irin wahalar da ke cikin bin kaset ɗin da aka kwafa daga kwafin kwafi. Sautin ya dusashe, iska ta cika shi, jita biyu sun cakuɗe da tafi da guɗa. Rikoda kuma batir take ci, kuma in batir ya fara sanyi zaren kaset na rage gudu, waƙar ta yi nauyi, sautinta ya sauka ƙasa. Wanda ya saita jitarsa da safe da sabon batir, da yamma sai ya tarar gidan waƙar ya zame masa, dole ya sake murɗa kunnuwa ya bi ta inda ta koma. Tariyo waƙa baya ma cin batir ne, shi ya sa ake zare kaset a zura biro a raminsa a juya da hannu. Yaron da ya koyi jita a haka, kunnensa ya sha horon da ba makarantar da za ta ba shi. Ba ya jiran a gaya masa sunan sauti, inda sautin yake kawai yake nema.

Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas. Rikicin 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, can ya samu jitar da 'yan'uwa suka bari ya fara lalube. A zamansa na Aljeriya da Libiya shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa, suna kwaikwayon abin da suka gani, kuma ya yi kiwo a Libiya jita na tare da shi. A 2019 faifansa mai suna Deran ya shiga takarar Grammy, karo na farko da wani ɗan Nijar ya kai wurin. Tinariwen kuwa sun riga sun ci kyautar a 2012 da faifansu Tassili. Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar na Abalak, ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa, gidansu kuma ba sa son kiɗa. Shi ma da katako da wayar keke ya haɗa jitarsa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, saurin yatsunsa kuma sai wanda ya gani.

Saurin nan shi ne ke karya gwiwar masu bi, kuma tun da daɗewa aka samo masa dabara. Babban faifan garmaho yana juyawa sau 33 da ɗan ɗori a minti, wasu injinan kuma suna da maɓallin 16, wanda yake rabin wancan. Makaɗan da suka koya a shekarun 1960 da 1970 sun gano cewa in aka sa faifai a rabin gudu, kowane sauti yana sauka ne zuwa takwaransa mai kauri, bai canza suna ba. Muryar mawaƙi ta koma gurnani, amma gudun yatsun da ya wuce kamar walƙiya yanzu ana iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Yau abin ya zo da sauƙi: a YouTube ana rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5 sautin bai sauka ba ko kaɗan. Mai hankali yana yanko ɗan guntu, abin da bai wuce numfashi ɗaya ba, ya yi ta zagaya shi a hankali har yatsu su daina tunani, sannan ya ƙara gudu kaɗan-kaɗan, daga ƙarshe ya mayar da guntun cikin waƙar a ainihin saurinta. Mataki na ƙarshen nan shi ne wanda ake yawan tsallakewa, alhali don shi aka yi sauran.

A nan ina da ƙorafi kan sauƙin zamani. Kusan kowace sananniyar waƙa akwai wanda ya ɗora bidiyo yana nuna inda za a sa yatsa, kyamara na kan hannunsa. Yana da amfani, ban musa ba, ko Bombino ai da ido ya ɗauki wasu abubuwan. Amma wanda ya saba a nuna masa, kunnensa ba ya girma, in aka ɗauke bidiyon sai ya tsaya. Gara mutum ya ba kansa kwana biyu yana lalube, ya samu abin da ya samu, sannan ya duba bidiyo ya ga inda ya kauce. Abin da aka sha wuya aka tono da kunne ba ya saurin gudu daga ka.

Ga mai neman inda zai fara, waƙoƙin Sahara suna da kirki ga baƙo kuma suna da wuyar ƙwarewa. Da yawansu a kan kamu ɗaya suke zaune daga farko har ƙarshe, kuma sautuka biyar suke yawo a kai, irin tsarin da kunnenmu ya saba da shi a kiɗan gurmi da garaya. Hannun hagu ba shi da tafiya mai nisa. Aikin yana hannun dama da cikin jiki: babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri yana ba ta bugu ba fashi, manuniya na zana karin waƙa a kan sirara, tafi na ƙirga biyu a inda jita ke ƙirga uku. Sannan ga adon da yatsun hagu ke yi, su faɗa kan tsirkiya da ƙarfi su fizge, sauti uku su fito daga kaɗawa guda. Kowa jagora yake so ya bi, mai kukan jitar nan da ke sama. Shawarata a fara bin na bayansa, mai riƙe da kari, wanda da kyar ake jinsa sai an kasa kunne. Minti shida kana maimaita abu ɗaya ba ka yi gaba ba ba ka yi baya ba, wannan jarrabawa ce ta gaske, kuma wanda ya ci ta kowace ƙungiya za ta so shi.

Waƙoƙinmu na sutudiyo, irin na su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, da fiyano da kwamfuta ake haɗa kiɗansu, saboda haka gudunsu ba ya kaucewa kuma saitinsu na zaune daram. Wannan ya sa suna da daɗin bi, ga shi kuma yawanci babu jita a ciki, fili ne a buɗe mutum ya ƙirƙiro abin da zai dace. Wanda yake son ya wahalar da kunnensa da kyau kuwa, ya ɗauko Ɗan Maraya Jos ya bi kuntiginsa a kan tsirkiya ɗaya tak. Zai tarar wasu sautukan ba sa kan kowane gurbi, suna tsakanin biyu, domin kuntigi ba shi da ƙarafan da ke yanka wuyan jita. Sai ya tura tsirkiyar gefe da yatsa ta ɗan ƙara ɗauri kafin ya cim musu. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe abin da ya sani ya zuba wa jita, kuma ana jin haka a duk abin da ya kaɗa.

Akwai tarko guda, kuma babba ne. Faifai yana rufa asiri. In waƙa na tashi da ƙarfi, gwanin da ke ciki yana cike duk ramin da ka bari, kai kuma kana jin daɗi kana zaton kai ne. Maganinsa a rage ƙarar waƙar har jitarka ta ɗan fi ta, kuma lokaci-lokaci a ajiye wata wayar kusa da jita a naɗi abin da ake yi. Sauraron wannan naɗin ba daɗi, amma a nan za a ji tsirkiyar da ke zizar saboda yatsa bai danna sosai ba, a ji inda ake yin gaggawa duk lokacin da amshi ya matso. Bayan haka a kashe waƙar gaba ɗaya a kaɗa ta daga ka, a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Zafin kan yatsu kuwa na makonnin farko ne, kanta na fitowa ya wuce, kuma rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. A kuma ji tausayin maƙwabta, a san lokacin salla da lokacin barci. Abin sawa a kunne ya wadatar.

Wasu na cewa mai bin waƙar wani ba zai taɓa zama kansa ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Daga 1933 kamfanin HMV ya riƙa fitar da jerin faya-fayan da ake kira GV, masu ɗauke da kiɗan Kyuba, ana sayar da su a Afirka. Matasan Kinshasa, wadda a lokacin ake kira Léopoldville, da na Brazzaville suka bi su da jita, suna ɗauko abin da fiyano da ƙaho ke yi suna mayarwa kan tsirkiya, har da kwaikwayon Sifaniyancin da ba sa ji. Abin da ya fito daga wannan bi shi ne rumbar Kwango, kiɗan su Franco da ƙungiyarsa OK Jazz da aka kafa a 1956, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2021. Ba wanda zai ji Franco ya ce ɗan Kyuba ne. Hannu ba ya kwafar abu ya fito da shi yadda ya shiga, sai ya bi ta cikin abin da mutum ya taso yana ji. Mdou Moctar ma da ya tashi naɗar faifansa na farko, Anar, a 2008, Sakkwato ya zo, aka yi masa shi da salon sutudiyon waƙoƙin finafinan Hausa, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011.

Inda bin faifai ke kai mutum shi ne cikin mutane. A Agadas gidan biki ne filin makaɗan jita, a nan ake ganin wanda ya iya, kuma yaron da ya sha bin waƙa a ɗaki wata rana za a miƙa masa jita ta biyu a ce ya riƙe kari. Can waƙa ba ta da tsawon da aka yanka mata. In rawa ta yi daɗi mai ganga zai ƙara wuta, jagora zai ja zagaye ɗaya har minti goma yana hawa yana sauka, mata na guɗa, ƙura na tashi, kuma da ido kawai zai sanar da na bayansa cewa za a sauka.